Injin zartona yana tsayawa cikin madaci, in sayi babban moter ne ko me?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ka sayi injin zarto na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi aiki da shi, irin mai lam, wato ruwan zarto, doguwa da ke zagaye wili biyu wanda mutanen Kano ke ce ma banso, wilinsa santi 35, moter ɗin wat 750 wato doki ɗaya, kuma duk sanda ka kawo madaci mai kaurin santi 15 za ka tsaga sai injin ya yi ta nishi, lam ta bar layi, katako ya fara hayaƙi, ƙarshe ya tsaya cik. Wani ya ce maka ka cire wannan moter ka sa mai doki 3, shi ne kake tambaya ko ka saya, da kuma wace irin lam ta dace.

To kar ka sayi moter ɗin tukuna. Riƙe kuɗinka. Ban ga injinka ba amma abin da ka lissafa, hayaƙi da kauce ma layi da nishi, duka ukun alamun lam ne ba na moter ba, moter in ya yi kaɗan gudunsa kawai ke raguwa amma baya ƙona katako baya kuma sa lam ta bi gefe.

Kashe inji, cire filogi daga bango, ka ɗauko mita ka ɗora kan lam ka ƙirga haƙora nawa ne cikin santi 2 da rabi, shi ne inci ɗaya, da shi masu ƙera lam suke lissafi, za ka ga an rubuta TPI a kwali, ma'anarsa haƙora nawa cikin inci. Inaga za ka samu 10 ko 14 ko ma fiye, don yawancin injinan hannu da ke shigo mana da irin wannan lam suke zuwa, kuma masu saida kaya a kasuwa su lam lam ce, ta yankan ƙarfe ma sai su miƙo maka. Yanzu yi lissafi da ni. Katakonka santi 15, inci 6 kenan. In lam ɗinka mai haƙora 14 ce, haƙora 84 ne ke cikin katakon a lokaci guda, kowane haƙori yana kankaro dusa yana zuba ta cikin ɗan ramin da ke gabansa, kuma ba inda zai zubar da ita sai ya fito ta ƙasan tebur. Ramin haƙorin lam mai 14 bai kai kan ashana ba. Kafin haƙorin ya yi tafiyar santi 2 ramin ya cika, sauran santi 13 ɗin ba yanka yake ba, guga kawai yake yana murza dusa a jikin katako, daga nan zafi, daga zafi hayaƙi, kai kuma ka ga baya ci sai ka ƙara turawa, lam ta rasa hanyar gaba sai ta nemi gefe. Ko doki 10 ka ɗaura ma wannan lam haka za ta yi, sai dai ta yi saurin tsinkewa.

Sa mai haƙora 3 a inci a wurin nan, haƙora 18 ne kawai cikin katakon, kowanne da raminsa babba kamar cokali, yana ɗiba yana fita da ita. Moter ɗin da kake ma kallon rago zai ba ka mamaki.

Ƙa'idar da muke bi ita ce kar haƙoran da ke cikin katako su gaza 3, kuma kar su wuce 24, in ka samu tsakanin 6 da 12 nan ne daɗin aiki. In sun gaza 3 haƙori yana cafkar bakin katako ya fizga, shi ya sa in ka kawo falanki siriri ko kontirfilake, wato katakon nan na siraran falle da aka manne, ga lam mai manyan haƙora sai ka ga ƙasan ya yayyage. Don haka katako daga santi 8 zuwa sama mai 3, na santi 2 zuwa 6 irin ƙafar kujera da kan gado mai 4 ko 6, siraran kaya mai 10. Wasu lam ɗin na Turai basa rubuta TPI, tazarar haƙori suke rubutawa da milimita, in ka ga 8 to kusan mai 3 ce, in ka ga 6 mai 4 ce, in ka ga 4 mai 6 ce. Sannan ka dubi siffar haƙorin kansa, akwai wanda ya ɗan duƙa gaba kamar baki na shaho, wannan shi ke jawo katako da kansa kuma shi nake so ga madaci da kirya da duk wani icce mai taurin kai, akwai kuma wanda yake tsaye da fili mai faɗi tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya fi kyau ga farin katako da ɗanyen icce don baya toshewa.

Sai faɗin lam, a nan ne mutane da yawa ke asara. Gaskiya ne lam mai faɗi ta fi tafiya miƙe, siririya kuma ita ke shan kwana. Mai milimita 6 za ta yi maka zagaye ƙarami kamar bakin kofin shayi, mai milimita 10 sai kamar bakin gwangwanin madara, mai 13 kuwa sai kwanon sha ƙarami, in ka matsa mata ta juya fiye da haka bayanta zai daki katako ta murɗe. Amma kar wannan ya sa ka ce bari in sayo mai milimita 20 ko 25 tunda tsaga nake so. Faɗi na tafiya da ɗauri, lam mai faɗi tana son a ja ta sosai kafin ta miƙe, kuma sifirin da gangar jikin inji mai wili santi 35 basu da wannan ƙarfin, za ka yi ta murɗa hannun ɗauri har sifirin ya haɗe amma lam tana nan sakwa-sakwa. Lam mai 13 da ta ɗauru da kyau ta fi mai 20 da bata ɗauru ba nesa ba kusa ba. Ni a irin injinka bana wuce 13, iyaka 16 in siririya ce. Kaurin ma haka, nemi mai rabin milimita zuwa 0.65, don ka tuna lam ɗin nan lanƙwasa take tana miƙewa sau ɗaruruwa a minti, in ta yi kauri ga ƙaramin wili sai ta fara tsagewa daga gindin haƙora kamar yadda kake karya waya da hannu in ka yi ta lanƙwasa ta. Lam ɗin manyan injinan 'yan katako masu wili santi 70 ko 80 ba taka ba ce ko kyauta aka ba ka.

Af, akwai wata lam da na ga yara suna sayowa saboda araha, ta mahauta ce, ta injin yankan nama da ƙashi da kifi mai ƙanƙara. Faɗinta 16, haƙora 3 ko 4, kallo ɗaya za ka ce ai ita ce. Matsalarta haƙoranta kusan a miƙe suke, ba a buɗe su hagu da dama sosai ba, to a nama ba komai amma a katako hanyar da take buɗewa bata ishi jikinta wucewa ba sai ta matse ta yi zafi. In ka riƙe lam ta katako ka kalle ta ta baki za ka ga haƙori ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu, wani lokaci na uku a tsakiya. Wannan buɗin shi ne ran lam. Ranar da gefe ɗaya ya daki ƙusa ko tsakuwa ya dakushe, daga ranar lam za ta riƙa janyewa zuwa gefen da ya rage da kaifi, kuma ba saitin da zai gyara ta sai wasawa da sake buɗi ko sabuwa.

Kuma a garin nan abin da ke kashe mana lam ba taurin icce ba ne kamar yashi. Gungumen bedi ko turare ya kwana wata biyu a ƙasa iska tana cusa masa rairayi a ɓawo, katakon da aka ɗauko daga Na'ibawa a Kano ya sha ƙurar hanya har Damagaram aka sauke shi a ƙasa, kai kuma ka ɗauka ka kai ga lam kai tsaye, ai kamar ka goga ta a dutsen wasa ne ta baibai. Buroshin waya ka sa ma yaro ya goge layin da za a yanka, ɓawo kuma a sassaƙe shi da gizago. Katakon falet da ake ɗora kaya a kai da na tsohon rufi sai an bi shi an cire ƙusoshi, ni har maganaɗisun tsohuwar sifika nake ja a kai. Iccen tik da giginya kuma su a jikinsu abin yake, suna cin kaifi ko an wanke su, in za ka yi aikinsu ka sa lissafin lam cikin kuɗin aiki tun farko.

Game da irin ƙarfen lam, ta gama-gari baƙar nan mai araha ta ishe ka farawa. Cikinta akwai wadda bakin haƙoranta ya yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, an ƙona shi ya yi tauri, tana daɗewa amma fayil baya kama ta, in ta mutu ta mutu. Akwai fara wadda ba a ƙona ba, bata daɗewa kamar waccan amma kana iya wasa ta da fayil mai kusurwa uku ka sake buɗe haƙora sau da yawa, kuma mu da lam bata samuwa a bakin ƙofa sai an aika Kano ko Maraɗi ko Yamai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai ƙarfe biyu da ake ce ma bimetal ta fi su jure zafi da ƙusa, in ka samu mai haƙora 3 ko 4 ka saya. Mai haƙoran kabaid kuwa, wani abu mai tsananin tauri da ake mannawa a bakin haƙori, bar ta tukuna, tsada gare ta, tana son ɗauri mai ƙarfi da babban wili, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta zubar mata da haƙora biyar kana kallo.

Tsawon lam kar ka dogara da abin da mai kanti ya ce. Yawancin inji mai wili inci 14 lam ɗinsa inci 93 da rabi ce, wajen milimita 2375, amma ba duka ba. Sauke wilin sama zuwa tsakiyar tafiyarsa ka zagaya igiya marar talewa yadda lam ke bi ka auna. Ko ka auna daga tsakiyar wilin sama zuwa tsakiyar na ƙasa ka ninka biyu, ka ƙara faɗin wili sau 3.14. In a nadi ake saidawa ana yankowa, to haɗin shi ne magana. Kar ka kai ma mai waldar ƙofa ya ɗiga mata wuta, wurin zai yi tauri kamar gilas ya karye a zagayen farko. Ko dai injin haɗa lam na musamman da ke manna baki da baki sannan a sake ɗumama wurin ya yi laushi, ko a fere bakin biyu a kwance a haɗa da azurfar walda, a goge ya yi daidai da sauran jiki har in ka shafa da yatsa baka jin tudu. Wannan haɗin dama shi ya hana injin yaɗuwa tun asali, an yi rajistarsa a Ingila tun 1809 amma lam ta yi ta tsinkewa a mahaɗa sai da wata mata a Faransa, Anne Paulin Crepin, ta fito da dabarar haɗin a 1846. In kana aiki ka ji tak tak tak a kai a kai kuma lam tana ɗan matsowa gaba tana komawa, tsaya, ko haɗin ya karkace ko ta fara tsagewa.

Wani abin dariya, shekarun baya na dawo daga sallar azahar na tarar da yarona yana zufa yana tura farin katako da ƙirji, sabuwar lam fil amma ko santi ɗaya ta ƙi ci, yana ce min maigida an cuce mu jabu ce. Na duba sai na ga haƙora sama suke kallo. Wajen warware ta ta juye ciki ya koma waje. Safar hannu na sa na juya ta kamar yadda ake juya riga, shikenan. Haƙora ƙasa suke kallo, wajen tebur, kai ma duba taka kar ka ji kunya.

To yanzu moter. Doki ɗaya wat 746 ne, in lissafin Faransa ne 736, duk ɗaya dai. A abin da na gani da hannuna, doki ɗaya na gaskiya da lam mai haƙora 3 mai kaifi yana tsaga santi 12 zuwa 15, a farin katako cikin sauƙi, a madaci sai ka bi shi a hankali kana sauraren muryarsa. In kullum aikinka tsaga katako mai kauri ne daga safe zuwa yamma to doki ɗaya da rabi, wat 1100, ko iyaka doki 2, wat 1500, nan ne ƙarshen abin da injin nan zai amfana da shi. Santi 25 zuwa 30 shi ke son doki 2 zuwa 3, kuma yawancin inji irin naka ma bakinsa bai buɗe haka ba. Doki 3 a kan wili santi 35 ƙarfin ba shi da inda za shi, bel zai riƙa zamewa ko lam ta zame a kan robar wili, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sannan ka tambayi kanka wutar da za ta ɗauke shi. Moter wat 750 a kan 220 yana jan wajen amfiya 5, na wat 1500 wajen 9 zuwa 10, na wat 2200 ya kai 13 zuwa 15, kuma lokacin tashi yana fizgar ninki biyar ko shida na wannan na ɗan lokaci. In shagonka a kan kontar gida, wato mitar wuta, yake da siririyar waya da aka jawo daga nesa, kana danna shi fitilu za su lumshe dizonktar, makunnin nan mai yanke wuta da kansa, ya faɗi. Da rana tsaka a watan Afrilu da Mayu da kowa ya kunna fanka da firji wutar tana sauka ƙasa da 200, kuma moter in wuta ta yi ƙasa ƙarin amfiya yake ja don ya riƙe nauyin, ga zafin gari ya haura 40 alhali yawancinsu a kan zafin 40 aka yi lissafinsu, haka kwayil ke ƙonewa. Ni na ƙona ɗaya a haka, ina ji yana gunji na ce bari in ƙarasa wannan falankin, warin fenti kawai na ji. Ka sa waya mai 2.5 aƙalla, in nisan ya wuce mita 25 ko 30 ka sa mai 4, kuma ka sayi ɗan abin auna wuta ka manna a bango kana gani. In da gurub kake aiki, wato janareto, ka ba shi ninki biyu da rabi zuwa uku na ƙarfin moter, wato doki ɗaya yana son gurub na wajen kVA 2.5, doki 3 kuwa kana maganar 6 zuwa 7, ka lissafa man da zai sha a wuni.

In dai har ka gwada sabuwar lam ka ga lallai sai ka ƙara moter, to karanta farantin da ke jikinsa kar ka karanta fentin kwali. Ninka volt da amfiya, abin da ya ba ka shi ne iyakar abin da ke shiga, wanda ke fita ƙasa da haka yake. Moter da aka rubuta ma doki 3 amma amfiya 6, 220 sau 6 ya ba ka 1320, ina wat 2200 zai fito? Ƙarya ce. Ɗaga shi ma ka ji nauyi, na tagulla ya fi na alminiyam nauyi kuma ya fi jure zafi. In ka ga P1 da P2, P2 ne ƙarfin da ke isa ga bel. In ka ga S1 zai iya wuni yana aiki, in S2 ne da mintoci a gefe to na ɗan lokaci ne sai ya huta. Nemi rufaffe mai fanka a baya da haƙarƙari a jiki, wanda aka rubuta IP54 ko IP55, don buɗaɗɗen moter a shagon kafinta da ƙurar hunturu dusa yake haɗiya har ta toshe makunnin tashi na ciki. Kuma ka duba an rubuta 50 Hz, shi ne irin wutarmu, kayan Amurka 60 ne da wuta 110 ko 120, ko ka sa taransifoma gudunsa zai ragu kuma zai fi zafi.

Babban tarkon shi ne gudu. Moter iri biyu ne a kasuwa, mai zagaye wajen 1450 a minti da mai wajen 2850, kuma na famfon ruwa da suka fi yawa a hannun masu gyara kusan duk 2850 ne. In naka 1450 ne ka ɗora 2850 a kan puli ɗaya, lam za ta ninka gudu, ta yi zafi, injin ya riƙa rawa. Katako yana son lam ta yi tafiyar wajen mita 900 a minti. Wilinka santi 35 zagayensa mita 1.1 ne, kenan wili ya juya wajen sau 800, da moter 1450 pulin moter santi 8 na wili santi 14 da rabi ya ba ka wannan. Moter tirifaze kuma, wato mai layin wuta uku, in aka yi maka tayinsa da araha, yana da kyau ƙwarai in kana da layin 380, amma dabarar nan ta ɗaura masa kondansate, ɗan gwangwanin nan da ke taimaka ma moter tashi, a kan wutar gida ƙarfinsa raguwa yake sosai, ka sayi doki 2 ka samu ɗaya da 'yan kai.

Kafin ma duk wannan, tunda na hannu ne, duba kondansaten moter ɗinka ko ya kumbura, in ya raunana moter yana tashi da ƙyar kuma baya da ƙarfi, kuɗinsa kaɗan ne. Danna bel da yatsa, in ya nutse fiye da santi ɗaya ko ya yi sheƙi to zamewa yake, wani lokaci lam ce ke tsayawa moter yana ta juyawa abinsa, ka lura da wannan gobe. Cire lam ka juya wili da hannu ka ji ko boris yana ƙara. Robar kan wili in zafi ya farfasa ta a sake, muna yi da tsohon tub na mota a manna da gam amma a bar tsakiya da ɗan tudu don shi ke riƙe lam. Wajen ɗauri ka ɗaga jagoran sama, abin da ke riƙe lam kar ta yi gefe, santi 15 ka tura lam da yatsa ta gefe, kar ta wuce rabin santi, in an tashi aiki da yamma a sassauta ta. Jagororin gefe su tsaya bayan ramin haƙora kar su taɓa haƙori, boris na baya ya bar ɗan fili kamar kaurin kati, na sama kuma ka sauke shi ya rage rabin santi tsakaninsa da katako, wannan don lam ne kuma don yatsunka ne. Gungume mai zagaye kar ka taɓa tura shi haka nan, lam za ta mirgina shi ta ja hannunka, kafa shi da ƙusa a kan falanki mai lebur tukuna, can nesa da layin yanka. Dusar madaci kuma tana sa atishawa da ƙaiƙayin ido, ɗaura wani abu a hanci.

Saboda haka in za ka aika Kano, ka ce a kawo maka guda biyu masu faɗin milimita 13 haƙora 3 irin mai bakin shaho don tsaga, da guda ɗaya mai faɗin 6 haƙora 6 don kwana-kwanan kan gado da kujera, ka ba su tsawon da ka auna da igiya a rubuce. In sun iso ka ɗaura ɗaya ka kawo madacin nan da ya gagare ka, ka goge masa yashi, ka tura a hankali da safe kafin wuta ta yi ƙasa, sai ka faɗa min amfiya nawa ne a rubuce a farantin moter ɗin da kuma yadda muryarsa ta yi.